Sandar giya mai gajeren zango ko ta kamfani: wadda za ka ɗaura wa E36

Malam, tunda motarka BMW E36 ce mai giyar hannu irin tawa, amsata ga tambayarka kan ko ka ɗaura mata sandar giya mai gajeren zango, wadda 'yan wasan mota ke kira shot-shifta, ita ce kada ka sayi ta kasuwa. Na saya da kuɗina, na ɗaura wa E36 ɗina, samfurin 328i, kuma ban cika wata huɗu ba na sa aka cire ta.

Sandar giya tana juyawa ne a kan wata ƙwallo da ke jikinta. Abin da ke sama da ƙwallon shi ne hannunka yake riƙewa, na ƙasa kuma shi ke tura rodin da ya shiga giyabos. Masu ƙera mai gajeren zango suna tsawaita ɓangaren ƙasa ne, sai tafiyar hannu ta ragu, galibi da kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari, amma ƙarfin da za ka sa ya ƙaru, kamar wanda zai kwance tsohon noti da guntun sifana. Babu abin da ya canja a cikin giyabos ɗin. Zoben sinkuro, wanda ke daidaita gudun haƙoran giya kafin su haɗu, yana nan yana buƙatar lokacinsa, kuma idan hannu ya riga shi, shi ne zai ci wuya har ya fara gurzawa.

Wadda na saya ƙarfe ɗaya ce tun daga sama har ƙasa, alhali ta kamfani, wato wadda BMW ta sa wa motar, gida biyu ce da roba a tsakani, wadda ke shanye girgiza da zafi. Ban san amfanin wannan roba ba sai da na kama hanyar Alkaleri zuwa Gombe, inda sandar ta yi ta zuza a tafin hannuna kamar an kulle zuma a gwangwani, ga zafin giyabos yana hawowa har kan marikin. Da hunturu ya shigo, man giya ya yi kauri da asuba, lamba biyu ta daina shiga sai da kokawa, har na koma tsallakewa daga ɗaya zuwa uku kafin in isa shataletalen Wunti. Abin da ya fi tsorata ni shi ne yadda layukan giyar suka matsu da juna. Wata rana ina saukowa daga biyar zan shiga huɗu, sai hannuna ya zarce wajen biyu, Allah ya sa ban gama sakin kuloci ba. Da na saki a wannan gudun, da bawul-bawul ɗin injin sun lanƙwashe, kuma kuɗin gyaran ya ninka na sandar sau da yawa. Ba zan hana ta haƙƙinta ba: idan ta sanannun masu ƙera ta ce irin UUC ko B&M, tana da daɗi a filin wasa.

Wani dattijon bakanike a nan Bauchi ne ya warware mini matsalar. Ya hau da motar kan rami, ya kira ni in sauko da tocila, sannan ya kama rodin giyar ya girgiza shi da yatsu biyu, sai ga shi yana rawa. Ya zaro mini kofin robar da ƙwallon ke zama a ciki, ya tsage gida biyu. Bushin, wato robar hannun da ke riƙe da sandar, ya zama kamar tsohon silifa, ɗan soson da ke cikin mahaɗar rodin kuwa ya narke da mai. Ya ce, “Alhaji, ba tsawon sanda ke damunka ba, tsufan roba ne.” Gaskiyarsa, domin E36 mafi ƙuruciya ta haura shekara ashirin, kuma zafin garin nan da ƙura ba sa barin roba ta yi tsawon rai.

Muka sabunta waɗannan ƙananan kaya, muka zuba sabon man giya, sannan muka ɗaura sandar motar BMW Z3 M ta asali, Beljiyam, wadda wani abokina ya samo mini a Ƙofar Ruwa ta Kano. Ita ma zangonta ya fi na 328i gajarta, amma BMW ce ta ƙera ta, da robarta a ciki. A satin na tafi Jos ta Nabordo da Toro, kuma a hawan nan da ake yawan sauka daga huɗu zuwa uku don wuce tirela, giyar tana faɗawa da ɗan sauti mai tsafta, ba lalube, ba zuza. Na isa ban ji kafaɗata ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai masu yanke sandar kamfani su yi mata walda, su fesa fenti, su ce daga Jamus ta zo, kuma walda a wannan wuri tana iya karyewa kana tsakiyar titi. Akwai masu buga sunan babban kamfani a jikin jabu. Duk wanda ya ce maka tasa tana shiga kowace mota, ƙarya yake yi, domin galibin Golf 4 da Honda Accord da wayoyin kebul suke canja giya, E36 kuwa da rodi. Ka auna daga tsakiyar ƙwallo zuwa ramin ƙasa ka gwada da taka, kuma kada ka tura kuɗi sai bakanikenka ya riƙe ta a hannu. Bayan an ɗaura, a duba tazarar da ke tsakaninta da farfela, ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, saboda wadda ƙasanta ya yi tsawo da yawa tana iya gogarta.

Ka fara da kofi, bushin da man giya, ka yi sati biyu kana tuƙawa. Idan har yanzu kana son ragin zango, ka nemi sandar Z3 M.