Awa biyu ina bin dattijon Cockney a titunan Landan

Abokin aikina ne ya ja min. Wata rana ya miƙo min takarda ya ce "have a butcher's", na yi tsaye sororo ina tunanin me ya haɗa mahauci da rasit. Abin ya tsaya min a rai, har ranar Asabar na biya fam 15 na shiga zagayen ƙafa da ake koyar da zaurancen 'yan Cockney.

A ƙofar cocin St Mary-le-Bow da ke Cheapside muka haɗu. Jagoranmu dattijo ne mai faffaɗar hula, bakinsa ba ya hutawa. Ya ce a al'ada, ɗan Cockney na asali shi ne wanda aka haifa inda ake jiyo ƙararrawar wannan coci. Bama-baman Jamus sun lalata ta a 1941, sai a 1961 aka sake jin amonta.

Kuɗina ya fita tun a minti goma na farko, lokacin da ya warware min ƙullin. Ana ɗauko jimla wadda ƙarshenta ya yi amo ɗaya da kalmar da ake nufi, sannan a yar da wannan ƙarshen, a bar baƙo da guntun da ba shi da ma'ana. "Butcher's hook", wato ƙugiyar mahauci, ita ce "look", duba. Ashe cewa ya yi in duba takardar! "Loaf of bread" shi ne "head", don haka "use your loaf" na nufin yi aiki da hankali. "Barnet" gashin kai ne, wato "hair", daga kasuwar Barnet Fair. "China" aboki ("china plate", "mate"), "porkies" ƙarairayi ("pork pies", "lies"). Wanda ya fi ba ni dariya "Ruby" ne: sunan mawaƙiyar Belfast Ruby Murray, da ta yi tashe a shekarun 1950, shi ya zama "curry", wato miya mai yaji irin ta Indiya.

Da sauran gyara fa. Mun yi yawa, ga ƙarar bas, ga dattijon yana haɗiye harafin h da t kamar yadda mutanensa suka saba, na baya sai dai su bi da murmushi. Ya kuma ɓata lokaci a kan "apples and pears", matakala, wadda tun zuwana garin nan ban taɓa jin ta a bakin kowa ba sai masu nishaɗantar da baƙi. Da ya raba mana waɗanda ke raye da waɗanda suka mutu, da ya fi.

In za ka je, ka manne kusa da shi, ka riƙe biro. Ranar Litinin na tambayi abokin nan nawa ko zai sha "Rosie", wato shayi. Ya dube ni ya ce kakarsa ce ta ƙarshe da ya ji tana faɗar haka.