Haraji a Amurka: ka biya mai cikawa ko ka cike da kanka?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwanmu ya kawo tambaya: yana aikin dare a rumbun kaya, da rana yana tuƙa Uber da motarsa, matarsa da 'ya'yansa biyu suna nan Amurka, babban ɗansa kuma yana gida wajen kakarsa. Mai cike takardun haraji na unguwarsu ya ce sai dala 350, alhali ya ji ana cewa ana iya yi a waya kyauta. Yana so ya san wanne ya fi masa.

Malam, dala 350 ba tsada ba ce ga irin takardunka. Binciken da ƙungiyar akantocin Amurka ta National Society of Accountants ta yi a 2020 zuwa 2021 ya nuna matsakaicin kuɗin cike fom 1040, wato babbar takardar harajin tarayya, mai sauƙi tare da na jiha dala 220 ne, idan kuma aka haɗa da Schedule C, wato takardar mai sana'ar kansa, sai a ƙara kusan dala 190. Tun lokacin kaya sun ƙara tsada. A ɗaya ɓangaren, akwai tsarin cikawa kyauta a intanet mai suna Free File na IRS, hukumar harajin Amurka, wanda a kakar 2025 ya buɗe wa duk wanda samunsa bai wuce dala 84,000 ba. Akwai manhajar FreeTaxUSA, na tarayya kyauta, na jiha kuma kuɗi kaɗan. TurboTax na masu sana'ar kansu yakan haura dala 100. Sannan akwai VITA, inda masu aikin sa-kai da IRS ta jarraba suke cike wa mutane kyauta a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa, ga wanda samunsa bai wuce dala 67,000 ba a kakar 2025. Mutanenmu da yawa sun cancanci VITA amma ba su taɓa jin sunanta ba, abin da yake damuna ƙwarai.

Da aikin rumbun kaɗai kake yi, W-2 guda ɗaya a hannunka, wato takardar albashi da kamfani yake bayarwa, da na ce kada ka ba kowa ko sisi. Kamfani ya riga ya cire harajinka, manhaja za ta yi maka tambayoyi, ka kwafe lambobin da ke takardar, an gama.

Uber ce ta canza lissafin. A wurin IRS kai ba ma'aikacin Uber ba ne, mai sana'ar kanka ne, kuma da zarar ribarka ta kai dala 400 a shekara sai ka biya harajin sana'ar kai na kashi 15.3 cikin ɗari, ban da harajin samu na kullum. A kan riba ake lissafa shi, shi ya sa duk wasan yana wajen abin da ka cire. Takardar ƙarshen shekara da Uber take bayarwa tana nuna jimillar abin da fasinjoji suka biya, har da kason kamfanin da bai taɓa shiga aljihunka ba. Wanda bai sani ba sai ya kwafe babbar lambar ya biya haraji a kan kuɗin da bai ci ba. Sai batun mil: IRS ta yarda a cire senti 70 a kan kowane mil na aiki a 2025. Mil 20,000 ya zama dala 14,000 da za a rage daga samunka. Amma zaɓi ɗaya ake yi, ko lissafin mil ko ainihin kuɗin mai da gyara da inshora, ba a haɗa biyun. Mai cikawa na ƙwarai zai duba wanne ya fi maka, ya kuma tsara maka biyan haraji kashi huɗu, a Afrilu da Yuni da Satumba da Janairu, don kada tara ta same ka. A nan dala 350 takan dawo da kanta. Manhaja ma tana da waɗannan gurabe duka, sai dai ba za ta tsaya ta ce maka ka yi kuskure ba.

Abin da ba ya canzawa ko wacce hanya ka bi shi ne sa hannunka. Ko wa ya cike, kai IRS za ta aiko wa wasiƙa, kai za ka mayar da kuɗin da aka ba ka bisa kuskure, da ruwa da tara. Shi ya sa mai cikawa mafi tsada shi ne mai arahar nan da yake cewa "zo in samo maka kuɗi mai yawa". Doka ta tilasta wa duk mai karɓar kuɗi don cike haraji ya kasance yana da lambar PTIN, wato lambar rajistarsa a IRS, ya rubuta ta, ya sa hannu a takardar. Idan ya cike ya ce kai kaɗai za ka sa hannu kamar kai ka yi, tashi ka bar wurin. Haka idan ladansa kaso ne daga abin da za a dawo maka, ko ya ce kuɗin su fara shiga asusunsa. Ko ɗan garinku ne, ko sahu ɗaya kuke sallah, ka nemi lambar, ka karanta kafin ka sa hannu, ka karɓi kwafinka.

Na dage a kan wannan saboda yaron da ke gida. Irin waɗancan masu cikawa za su ce a saka shi, ai kai kake ciyar da shi. Gaskiya ne kai kake ciyar da shi, Allah Ya saka maka, amma dokar ba ta duba wannan kaɗai. Wanda za a saka a matsayin wanda kake ɗauke da nauyinsa dole ya kasance ɗan ƙasar Amurka ko mazauninta, ko mazaunin Kanada ko Meksiko. Yaron da aka haifa a gida, yake zaune a gida, ba ya shiga, haka mahaifiya da kake aika wa kuɗi duk wata. Rangwamen yara na Child Tax Credit, dala 2,200 kan kowane yaro a 2025, sai yaro mai lambar Social Security wanda ya zauna tare da kai fiye da rabin shekara. Biyun da ke gabanka sun isa. Kuma ka tuna fom N-400 na neman zama ɗan ƙasa yana tambaya a kan haraji, jami'i yana iya neman takardun shekarun baya. Ƙarin dala dubu biyu na bana bai kai a jefa wannan cikin hatsari ba.

Akwai kuma asusun banki na gida. Idan duk abin da kake da shi a bankunan waje, naira ko sefa ko sidi ko dala, ya haura darajar dala 10,000 ko da na rana ɗaya a shekara, sai ka cike rahoton FBAR. Kyauta ne, a intanet ake yi, daban da takardar haraji, kuma ba haraji ake biya a kansa ba, sanarwa ce. Masu tara kuɗin gini a gida su lura. Mai cikawar da bai tambaye ka wannan ba bai gama aikinsa ba.

Shawarata gare ka, Malam: ka fara kiran VITA mafi kusa ka tambaya ko suna karɓar direbobin Uber, don wasu suna karɓa, wasu ba sa yi. Idan ba su karɓa ba, bana ka biya, amma ka nemi mai shaidar CPA, wato akanta mai lasisi, ko EA, wato masanin haraji mai lasisin IRS, domin suna da ikon tsaya maka gaban IRS idan wasiƙa ta zo. Ka zauna kusa da shi, ka tambayi dalilin kowace lamba. Baɗi, idan rayuwarka ba ta canza ba, ka ajiye kwafin bana a gefe ka cike da kanka. Daga yau kuma ka fara rubuta mil ɗinka kullum, don babu akantan da zai iya ƙirƙiro maka shi ta hanyar halal.

Wa'adi 15 ga Afrilu ne. Idan ba ka shirya ba, fom 4868 yana ɗaga maka cikawa zuwa 15 ga Oktoba, amma ba ya ɗaga biya. Tarar rashin cikawa kashi 5 cikin ɗari ce na abin da ake bin ka a kowane wata har zuwa kashi 25, ta rashin biya kuwa rabin kashi ɗaya ce a wata. Don haka ko babu kuɗin a hannu, ka aika takardar a kan lokaci, sannan ka nemi IRS ta yanka maka biya kaɗan-kaɗan.