Ƙararrawar ɓarayi: mai jiniya kawai ko mai sa ido daga nesa?

Ana yawan tambayata wacce ta fi. Mai jiniya kuɗinta sau ɗaya ne: a maƙala na'urori a ƙofa da taga, shi ke nan. Sai dai ihunta banza ne in babu mai ji, kuma maƙwabta kan daina leƙowa in ta cika kuka don mage ta gifta.

Ɗayar kuwa, da an ɓalle ƙofa saƙo ya isa cibiyar kamfani, su kira ka ko jami'an tsaro. Biya duk wata ne, kuma in intanet ya ɗauke, ta zama kurma. Ka nemi mai batir da layin waya na ko-ta-kwana.

Gidan da ba a rasa mutum, jiniya ta wadatar. Shagon da ke kwana ba kowa, gara mai sa idon.