Ajin da ake jira da ajin da ake tsawa

Makarantun renon yara biyu ne, kowacce na karɓar ɗan shekara huɗu, amma abin da yaro ke komawa gida da shi ya bambanta.

A ta farko yara kaɗan ne. Yaro ya fizge abin wasan wani, malama ta durƙusa daidai tsayinsa ta ce, "Na ga kana so, bari ya gama." Ya cije leɓe, ya jira. Yau da gobe, haƙurin ya zame masa jiki. Haka wani shirin renon yara mai suna Perry yake, wanda aka fara a jihar Michigan ta Amurka a 1962, malami ɗaya ga yara biyar ko shida. Ƙarin makin da yaran shirin suka samu a gwajin basira ya dushe bayan 'yan shekaru, amma gyaruwar hali ta zauna, har da suka girma ba a kama su da laifi kamar takwarorinsu da ba su shiga shirin ba.

A ta biyu aji ya cika maƙil, sai da tsawa ake samun shiru. Malama na juya baya, rikici ya dawo. Wannan ajin ne ke damuna, domin iyaye kan ga yaro ya yi tsit su ɗauka natsuwa ya koya, alhali tsoro ne.