Wasiƙa daga Portsmouth zuwa Kano

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa. Ka ce in gaya maka inda Ingila ta fi mu. A wajen cefane dai ba ta fi mu ba. Tumatirinsu kyan ido ne kawai, bai kama ƙafar na 'Yankaba ba, takalmin fata kuwa gara na Kurmi, ga arha ga ƙarko. Inda suka yi mana fintinkau shi ne riƙon tsohon abu, har wanda ruwa ya ci.

A nan garin akwai jirgin yaƙi na Sarki Henry na Takwas, Mary Rose. Ya nutse a 1545, aka ciro shi a 1982, sannan aka shafe shekara talatin ana fesa masa ruwa da wani sinadari don kada katakon ya tsage in ya bushe. Kayan da aka tsamo sun kai 19,000. Na daɗe a gaban matajan katako na cire kwarkwata, haƙoransu sirara ƙwarai, kusa da ƙasusuwan karen jirgin. Kuɗin shiga akwai tsada, in ka kwatanta da Gidan Makama sai ka ce can kyauta ake shiga. Amma kana ganin inda kuɗin ke tafiya, har iskar ɗakin aunawa ake yi.

Kuma ba su bar aikin ga sa'a ba. Jami'ar Southampton, nan kusa, tana yaye masana tarihin ƙarƙashin teku, ana kuma koya wa masu nutso na sha'awa su auna, su zana, su bar abu inda suka same shi.

Mu fa? Kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a Yobe a 1987 yana haƙa rijiya ya kai shekara 8,000, nasu jariri ne a gabansa. Najeriya ta shiga yarjejeniyar UNESCO (hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya) ta 2001 kan kare kayan tarihi na cikin ruwa tun 2005, Ingila har yau ba ta shiga ba. Takarda muna da ita, ƙwararrun da za su yi nutso daga Badagry zuwa Kalaba ne suka yi ƙaranci.

Tunda ɗanka na son karanta ilimin tono kayan tarihi a Zariya, kada ka hana shi. Ka dai sa shi ya koyi iyo tun yanzu. A gaida Umma da yara.