Gadar Hammersmith a rufe: yadda muka kwashe da manhajar nuna hanya a Landan

Saura kwana biyar mu bar Kaduna, autana ya karɓi wayata ya sauke min wata manhajar nuna hanya, ya ce, "Baba, wannan za ta kai ka ko'ina, ba sai ka dami kowa da tambaya ba." Yayarsa ce ta kusa haihuwa a Landan. Hajiya za ta je wankan jego, ni kuma na ce ba za a yi suna ba na nan ba. Mako uku na yi a can, kusan kullum sai na riƙe sitiyari, don haka ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina a kanta.

Gidan yaran yana Barnes, kudu da kogin Thames. Kasuwar da ake samun naman halal da doya da manja da attaruhu kuwa tana Shepherd's Bush, a arewa. Na taɓa zuwa kwas a 2011, kuma na tuna sarai cewa tsakanin wuraren nan biyu gada ɗaya ce, koriya, mai sarƙoƙin ƙarfe, ka hau ka sauka ka iso. A falona na Unguwar Rimi, da dare, an ɗauke wuta, na sa sunayen wuraren biyu don gwaji. Sai na ga shuɗin layin ya ƙi bin gadar, ya yi wani dogon zagaye. Na ce wa yaron abin nan nasa bai san gari ba. Ya matso da taswirar da yatsa biyu, ya nuna min jan ɗigo a tsakiyar gadar da rubutu a ƙasa: a rufe take ga motoci.

Ashe ni ne ban san gari ba. Tun watan Afrilu na 2019 aka hana motoci hawa gadar Hammersmith, bayan injiniyoyi sun gano tsaga a ginshiƙan ƙarfen da ke riƙe da sarƙoƙinta. Gada ce da aka buɗe a 1887, aikin Joseph Bazalgette, wanda ya tsara manyan magudanan ƙazantar Landan, kuma an yi ta ne a zamanin keken doki, kafin manyan bas-bas. A watan Agusta na 2020 zafi ya ƙara buɗa tsagar, aka hana har masu tafiya a ƙasa, sai a Yulin 2021 aka bar su da masu keke suka ci gaba da wucewa. Abin da ya ba ni dariya, surukina ya ce a zafin Yulin 2022, lokacin da Ingila ta fara ganin digiri 40 a tarihinta, sai da aka naɗe sarƙoƙin da takardar azurfa mai ƙyalli don kada rana ta gasa su. Na ce su kawo ta Kaduna ta yi watan Maris ɗaya. Kuɗin gyaran gaba ɗaya ana maganar kusan fam miliyan 250, kuma wanda zai biya shi ne abin da aka daɗe ana ja-in-ja a kai.

To, maki na farko na manhajar ne, babu tantama. Da na dogara da tunanina, da sai na je na yi karo da shinge. Na kuma ji daɗin yadda ta bari na ajiye taswirar yammacin Landan a cikin wayar tun daga gida, domin kwana biyun farko ba ni da layin can, kuma hanya ba ta ɓace min ba. Sai dai idan babu intanet ba ta ganin cunkoso, hanyar kawai take nunawa.

Hanyoyi biyu take bayarwa a madadin gadar. Ta gabas, mutum ya bi Fulham Palace Road ya haye gadar Putney, ya dawo Barnes ta Lower Richmond Road. Ta yamma, ya hau babban titin A4 zuwa shataletalen Hogarth, ya ɗauki titin A316 ya haye gadar Chiswick, ya karya hagu ta Mortlake ya bi bakin kogi. Duk wanda ya yi zirga-zirga a Kaduna lokacin da ake sake gina gadar Kawo, kafin a buɗe ta a farkon 2022, ya san abin da ake nufi: motocin da ke bin hanyar da aka rufe ba ɓacewa suke yi ba, kan maƙwabciyarta suke komawa.

Tuƙin kansa sai da na yi addu'a. Lasisinmu na Najeriya yana yi wa baƙo aiki har wata 12, surukina kuma ya sa sunana a inshorar motarsa. Amma su a hagu suke tuƙi, abin da muka bari tun 2 ga Afrilu 1972, ina ɗan firamare. A nan ne manhajar ta fi burge ni. Kafin shataletale tana faɗa maka mafita ta nawa za ka ɗauka, ta zana maka layin da za ka tsaya a kai. A Hogarth, inda motoci ke shigowa ta ko'ina kuma wanda ke damanka shi ke da hanya, hankalina duka yana kan madubi, muryar ce kawai ta fitar da ni. Tana kuma nuna iyakar gudu a gefen allo, ta yi ƙara idan ka zarce. Yawancin titunan unguwannin nan mil 20 ne a awa, wato kilomita 32, gudun da ɗan Keke Napep zai yi maka hon a kai a Tudun Wada. Nisa kuma da yadi da mil take ƙirgawa, sai da na shiga saituna na mayar da ita mita kafin na daina wuce kwana.

Ranar da ta ba ni kunya ita ce jajibirin suna, Asabar. A can ba a jawo rago a ɗaure a ƙofar gida. Mahauci ake ba oda, a yanka a mayanka, ka je ka karɓo a yayyanke cikin leda. Mun je lafiya da hantsi ta Chiswick. Muna gama sayayya wajen ƙarfe ɗaya da rabi, but cike da nama da buhun shinkafa, na danna komawa gida. Ta ce ta Putney ya fi sauri da minti huɗu. Hajiya ta ce, "Alhaji, mu koma ta inda muka zo mana." Na ce ai na'ura ta fi mu gani.

Ba mu yi nisa a Fulham Palace Road ba layin ya koma ruwan goro, daga nan ya koma ja. Sai ga mutane tuli a ƙafa, da riguna farare da ƙyallayen wuya fari da baƙi, yara a kafaɗar iyayensu, duk sun nufi gefe guda. Ƙungiyar ƙwallon Fulham ce ke wasa a gida, kuma filinta, Craven Cottage, yana nan bakin kogi a bayan wannan titin. Lokacin isowa da ke ƙasan allo ya riƙa ƙaruwa kamar kuɗin mai a famfo. Tafiyar da ta ce minti 25 sai da ta ci mana awa ɗaya da kwata. Hajiya ba ta ce uffan ba, sai dai jefi-jefi ta waiwaya ta shinshina ko naman ya fara canzawa, wanda ya fi min zafi a kan ta yi magana.

Abin da na ɗora mata a nan shi ne, ranar wasa da lokacinsa ba sirri ba ne, an sanar tun makonni. Ita kuwa sai cunkoso ya haɗu take ganinsa. Da ta hango, ta yi ta ba ni shawarar in kutsa ƙananan layuka. Na ƙi, domin surukina ya riga ya gargaɗe ni cewa wasu layukan unguwa akwai kyamara, tara kuma ta gidan waya take zuwa da sunan mai mota. Haka nan ba ta taɓa tambayata irin motar da nake ja ba, alhali tun 29 ga Agusta 2023 dokar hayaƙin mota ta game dukkan ƙananan hukumomin Landan, tsohuwar motar da ba ta cika sharaɗi ba tana biyan fam 12.50 a kowace ranar da ta fita. Tamu ta cika, amma daga bakin mutum na ji, ba daga waya ba.

Da muka iso, surukina ya sauke kaya yana sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, da an faɗa min, ai da ba a ɗauki mota ba." Washegarin suna ya raka ni. Muka taka daga gida ta titin Castelnau, muka haye gadar da ƙafa, katakon ƙasanta na ɗan motsi idan keke ya wuce, masu tseren kwalekwale na atisaye a ƙarƙashinmu. Daga tashar Hammersmith jirgin ƙasa tasha biyu ne zuwa kasuwar. Na duba wayar, ashe wannan hanyar ma tana ciki, a ƙarƙashin ɗan hoton mutum mai tafiya da ke saman allo. Ni ne ban taɓa dannawa ba, ita ma ba ta taɓa cewa in duba ba.

Idan maki biyar ne, zan ba ta uku da rabi. Wanda zai yi tuƙi a yankin ya ajiye taswirar tun daga gida, ya gwada hanyar da ainihin lokacin da zai fita, ya kuma leƙa jadawalin Firimiya kafin ya yarda da gadar Putney ranar Asabar. Batir tana ci sosai, sai da caja a mota.

Ban goge ta ba da na dawo. Ran Juma'ar da ta wuce na gwada ta daga Unguwar Rimi zuwa Barnawa, ta kira sunayen titunan da wani irin lafazi har jikokina suka riƙa kwaikwayonta a kujerar baya. Ta ce in karya dama, layin a buɗe yake. Na karya, na tarar an kafa rumfar ɗaurin aure daga bango zuwa bango, ana rabon goro.