Fatsar tirawut a ƙarshen Yuli: Sikotland ko Kenya?

Alhaji, ranka ya daɗe, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na ƙi amsawa a tsaitsaye ne don ba ta layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba: Alhaji ya samu hutun kwana goma a ƙarshen watan Yuli, kuma ya daɗe yana sha'awar irin fatsar nan ta kogunan kan dutse, wadda ake jefa ƙugiya mai gashin tsuntsu don kama kifin tirawut. Ɗansa yana karatu a Aberdeen ta Sikotland, wani abokin aikinsa kuma ya ce masa ba sai ya je Turai ba, a Kenya ma ana yi. Shi ne yake tambayar wanne ya fi. Na taɓa jiƙa igiya a wuraren biyu, a Sikotland lokacin da nake karatu, a Kenya kuma sau ɗaya bayan wani taro a Nairobi.

Da farko a ajiye kalmar bazara, don tana ruɗa mutane. Lokacin zafin Turawa, wato Yuni zuwa Agusta, ya faɗo daidai da daminarmu, sa'ad da Rima ke cika ta yi jawur ta haye fadamun Kwalkwalawa. A tsaunukan Kenya kuwa waɗannan watanni su ne mafi sanyi a shekara. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin tirawut kifin ruwan sanyi ne. Ya fi walwala idan ruwa yana tsakanin digiri 10 zuwa 16, in ya haura 20 sai ya fara galabaita, saboda ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa. Tarwaɗarmu da ke kwana a taɓo ta wayi gari lafiya ba danginsa ba ce. Shi ya sa ba za ka same shi a Goronyo ba, kuma shi ya sa duk shirin tafiyar ya rataya a kan tambaya ɗaya: a wane lokaci na yini kifin ke ci a wurin da za ka?

A nan ne Sikotland ke ba baƙo mamaki. Kogin da ya fi dacewa da kai shi ne Don, wanda ya taso daga tsaunukan Cairngorms, ya bi ta Alford da Inverurie, ya faɗa teku a cikin Aberdeen ɗin kanta. Ya yi suna wajen manyan tirawut masu ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo, 'yan asalin ƙasar. Sai dai kakarsa ta gaske Afrilu da Mayu ce. Zuwa ƙarshen Yuli ruwa kan ja baya, ya yi garau har kana ƙirga tsakuwar ƙasa, kifin kuma ya sha ganin ƙugiya tun watan Maris, ya yi wayo. Da rana tsaka za ka yi ta jifa har kafaɗa ta riƙe, ka rantse babu ko ɗan tsako a kogin. Sai rana ta sunkuya ƙwari su fara tasowa daga ruwa, sannan kogi ya farka. To, a Aberdeen ranar ƙarshen Yuli ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare.

Ba na manta yammacin da na fara gane wannan. Tun la'asar nake tsaye a ruwa zuwa gwiwa, ban samu ko taɓi ba, har na fara naɗe igiya. Wani dattijo da ke zaune bakin gaɓa yana shan shayi daga fulas, wanda tun zuwana bai ko haɗa sandarsa ba, ya ɗaga mini hannu alamar in dakata. Da haske ya fara dishi-dishi sai na ga wani ɗan zobe a kan ruwa ƙarƙashin reshen bishiya, kamar an ɗiga ruwan sama guda ɗaya. Sai wani a gefensa. Cikin ɗan lokaci faɗin kogin duk zobba ne, kana jin ƙarar tsotso a hankali, kifi na ɗauke ƙwari daga saman ruwa. A daidai nan magariba ta shiga. Na fito na yi salla a kan ciyawa da wandon roba a jikina, ina jin kifi na fantsama a bayana, kai dai Allah Ya karɓa. Na koma na kama biyu kafin duhu ya rufe. Ka lissafa da wannan, Alhaji: magariba a tsakiyar cin kifi, lisha can cikin dare, asuba kuma ta yi sammakon da ba ka saba ba. Wanda ya saba kwanciya ƙarfe goma a Sakkwato zai ji a jikinsa.

Kenya ba ta da wannan rigimar. Tana kan layin da ya raba duniya biyu, rana na fitowa wajen shida da rabi, ta faɗi kafin bakwai, kusan duk shekara. Kogunan suna gangarowa daga tsaunukan Aberdare da Dutsen Kenya mai tsayin mita 5,199, ruwansu da sanyi ko da rana tsaka, kifi kuma yana ci da rana. Ka fita da hantsi, ka yi azahar da la'asar a bakin ruwa, ka dawo masauki kafin magariba kamar mai dawowa daga gona. Manyan ruwan samansu na Maris zuwa Mayu ne, don haka zuwa Yuli koguna sun lafa sun washe, ko da yake hazo da yayyafi ba sa rabuwa da tsaunin a wannan lokacin.

Kada sunayen su ruɗe ka, Aberdeen daban, Aberdare daban, amma akwai zumunci. Wani ɗan Sikotland mai yawon bincike, Joseph Thomson, shi ya raɗa wa tsaunukan wannan suna a 1884. Kifin ma baƙo ne: a 1905 Ewart Grogan ya kawo ƙwansa daga Birtaniya aka zuba a kogin Gura, daga nan ya bazu. Ƙungiyar masu wannan fatsa ta Kenya tun 1919 take. Yau wanda ya fi yawa a can shi ne mai jan zane a gefe kamar bakan gizo, wanda asalinsa yammacin Amurka ta Arewa ne, ga kuma mai ruwan ƙasan a wasu koguna.

Kogunan Kenya irin su Gura da Chania da Mathioya ƙanana ne in ka gwada da Don. Wani wurin da tsalle biyu ka haye. Ruwa na zubowa daga dutse zuwa dutse, kowane ƙaramin gurbi da kifinsa, kuma saboda ruwan na gudu, kifin ba shi da lokacin tsayawa ya ƙare wa ƙugiya kallo. Ga sabon shiga wannan rahama ce. A irin wannan fatsa ba dalma ko nauyin koto ke jan igiya ba kamar yadda muka saba da tana a bakin Rima. Ƙugiyar da gashinta ba su da nauyin komai, igiyar ce mai kauri da nauyi, ita kake wulwulawa a iska ta ɗauki ƙugiyar ta kai. Koyon jifa mai nisa, wanda zai sauka a hankali bai firgita kifi ba, yana cin makonni, kuma shi Don ke nema a Yuli. A Kenya jifan taku goma ya wadatar. Abin da za ka yi fama da shi rassan bishiya ne. Ni a yinin farko na bar ƙugiya shida a sama, yaron da ke mini jagora yana hawa yana ciro wasu yana dariya. Kifin kuma kada ka sa ran giwan ruwa irin na Argungu, yawancinsu daga tafin hannu ne zuwa abin da bai kai kamu ɗaya ba. Wanda ke neman babba guda ɗaya na ɗaukar hoto, Don ta fi ba shi dama, in ya iya.

Kowane wuri da abin da ke cizo. A Sikotland ƙyashi ne, ƙanana ƙwarai, suna tasowa gungu-gungu da yamma idan iska ta kwanta, wato daidai lokacin da kifi ke ci. Sun fi tsanani a yammacin ƙasar, gabashi wajen Aberdeen da sauƙi, amma ka sayi ragar rufe fuska, ba ta da tsada. Akwai kaska a cikin ciyawa mai sa cutar Lyme, ka duba jikinka kullum in ka dawo. A Kenya kwarkwasa ce da wata ciyawa mai ƙaiƙayi, sai kuma manya: cikin gandun Aberdare, wanda aka kafa a 1950, akwai ɓauna da giwa, kuma ba a yawo a ƙasa sai da ma'aikacin gandu. Ɓauna ba abar wasa ba ce. Sannan ga tsayi. Saman tsaunin ya haura mita 3,000, mu kuwa a Sakkwato ko 400 ba mu kai ba. Numfashi zai yi maka wuya a kwanakin farko, dare kuma sanyinsa ya fi na tsakiyar hunturunmu nesa ba kusa ba. In kana da hawan jini ko ciwon zuciya ka ga likitanka tukuna, ka kuma tsaya a kogunan ƙasa-ƙasa, wajen gonakin shayi na yankin Murang'a da Nyeri.

Maganar izini. A Sikotland ba a sayen lasisin gwamnati na riƙe sanda kamar Ingila, amma kowane yanki na kogi da mai shi, sai ka sayi takardar yini daga ƙungiyar masunta ta wurin ko shagon kayan fatsa. Ta tirawut ba ta da tsada. Wadda ke cin kuɗi ita ce ta kifin salmon, musamman a kogin Dee da ya bi ta Balmoral, gidan hutun sarautar Birtaniya, kada a ja ka can. Lokacin tirawut a doka daga 15 ga Maris ne zuwa 6 ga Oktoba, wasu wurare kuma ba sa bari a yi ranar Lahadi. A Kenya akwai lasisin kamun kifi, akwai kuɗin shiga gandu, wasu sassan koguna kuma na ƙungiya ne, sai da izininta. Ka haɗa da hayar mota mai ƙarfin hawa dutse, don hanyoyin tsaunin taɓo ne, za ka ga arhar da ake faɗa ba ta kai yadda ake zato ba. Inda Kenya ta yi zarra shi ne ɗan jagora: kuɗin da za ka ba mai koya maka na yini guda da fam ɗin Ingila zai riƙe maka mutum kwanaki a can. Ƙugiyoyin ma kada ka saya da tsada a Turai in Kenya za ka, domin da yawa daga waɗanda ake sayarwa a shagunan Turai da Amurka a Kenya ake ɗaura su da hannu.

Hanya kuwa ka san ta. Birtaniya sai biza, a nema da wuri, daga Abuja zuwa Landan awa shida da ɗoriya, sannan wani jirgin zuwa Aberdeen. Nairobi kimanin awa biyar ce daga Legas, ko ka bi ta Addis Ababa daga Abuja ko Kano, shigarta kuma ta fi sauƙi ga mai fasfo ɗin Najeriya. Ka riƙe katin rigakafin shawara. Daga Nairobi zuwa Nyeri tafiyar awa uku ce a mota, ko ƙasa da haka in hanya ta yi kyau.

Abu ɗaya da zai yi maka nauyi a wuraren biyu, musamman Sikotland: sakin kifi bayan an kama. Na san Basakkwace zai ce wahalar banza ke nan, a bar gida, a biya jirgi, a kama kifi a mayar. Ni ma haka na ce. Amma tirawut na daji a hankali yake girma a ruwan sanyi, in kowa ya tafi da nasa kogi zai ƙare, shi ya sa dokar wurare da yawa ta ce a mayar, ko a ɗauki ɗaya ko biyu kawai. Ka danne ƙayar ƙugiya da filaya kafin ka fara, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, kada ka daɗe da shi a iska. Ka tambayi dokar wurin kafin ka sa wani a jaka.

In don kifin za ka yi tafiyar, a matsayinka na wanda bai taɓa riƙe irin wannan sanda ba, kuma a ƙarshen Yuli, Kenya zan ce maka ba tare da jan rai ba. Za ka kama kifi tun yinin farko ko na biyu, da rana, kana gani. Sikotland a wannan watan ta gwanaye ce da masu haƙurin dare. Amma na san Hajiya ba za ta yarda a tsallake yaro a tafi kallon ɓauna ba. In haka ta kasance, ka je Aberdeen da niyyar ziyara, ka ware yammaci biyu ko uku kacal, ka ɗauki mai koyarwa a na farko, ka yi barcin rana, kada ka isa bakin Don kafin ƙarfe bakwai. In kuma yaron yana nan har baɗi, ka nemi hutunka a watan Mayu.

Ko wanne ka zaɓa, sanda mai ƙafa 9 lamba 5 (lambar ma'aunin nauyin igiyar da take ɗauka ce) za ta yi maka a Don, a ƙananan kogunan Kenya kuma gajeriya mai ƙafa 7 ko 8 ta fi daɗin sha'ani. Wandon roba da takalmin shiga ruwa ka yi haya a can, kada ka cika akwati. Tawa sandar tana nan gida a jingine. In Allah Ya kai mu Asabar, ka biyo bayan la'asar mu fita fili, in ɗaura maka ɗan zaren ulu a bakin igiya maimakon ƙugiya ka fara koyon jifa a kan yashi. Ka zo da tabarau da hula mai rufe kunne, don ranar da aka sa ƙugiyar gaske, kunnen mai jifa take fara nema.